In hagu ta ƙiya a koma dama: ina za mu kai yaron da lakwal ta koro?



A ƙasarmu lokacin da manomi yake shuka, lokacin ne ɗan lakwal yake girbi. Da ruwan farko ya sauka, tsakanin watan Yuni da na Yuli, sai ka ga iyaye da yara sun yi cincirindo a ƙofar wuraren jarrabawa, suna jiran a kira sunayen waɗanda suka samu BEPC ko bak. Wanda aka kira sunansa ya daka tsalle, mata su rangaɗa guɗa, a kwana ana barka da arziki. Wanda ba a kira ba kuwa sai ya sulale ta bayan taro, ya bi lungu ya koma gida, ba mai tambayarsa inda ya nufa. Akwai ma waɗanda suka fi shi yawa, su ne waɗanda ba su kai ga zauren jarrabawar ba sam, domin tun a aji na farko ko na biyu na kwaleji aka sallame su. Gidajen rediyo da jaridu sukan faɗi adadin waɗanda suka ci. A kan sauran nake so mu yi magana a wannan mako, wato ƴan shekara 13 zuwa 18 waɗanda karatun lise ya gagare su, ko kuwa hanyarsa ta toshe musu.

Na yi shekara 28 ina koyar da lissafi a kwalejojin gwamnati, a jihohin Tawa da Damagaram da Maraɗi, kafin in ajiye alli. A ƙarshen kowace shekara malamai sukan zauna tare da darakta, a buɗe babban littafin maki, a bi yara ɗaya bayan ɗaya. Bisa 20 ake lissafin maki, kuma hukunci uku ne kawai a hannun wannan zama: yaro ya wuce, ko ya maimaita aji, ko a kore shi. Wanda ya wuce an san ajin da zai shiga. Wanda zai maimaita an san bencin da zai koma. Wanda aka kora kuwa, babu wani gurbi a cikin littafin nan inda za a rubuta wurin da za shi. Layi ake ja a kan sunansa, a juya shafi.

Abin da waɗannan shekaru suka nuna mini shi ne, a cikin yaran da ake kora, daƙiƙi na ainihi kaɗan ne ƙwarai. Ku ɗauki yaron ƙauye da ya gama shekara 6 a hannun mushe guda, wanda ya san ubansa, ya san gidansu. Rana ɗaya a kawo shi birni, a ajiye shi a gidan wani dangi na nesa ko wanda ba a ma haɗa komai da shi ba, ya zama shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne ɗan aike, wani lokaci ya tafi aji ba karin kumallo. A aji kuma ya tarar da yara 80 ko fiye, malamai bakwai ko takwas suna shiga suna fita, kowa yana zuba darasinsa cikin Faransancin da yaron bai taɓa riƙewa da kyau ba. Na sha gwadawa: in ba yaro lissafi a rubuce da Faransanci ya yi zuru, in juya masa shi da Hausa, in ce buhu kaza ne a kan jikka kaza, kafin in rufe baki ya ba ni amsa. Ke nan harshe ne ya kayar da shi, lissafin yana nan a kansa. Wannan ba sabon sani ba ne, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara koyar da yara da Hausa. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Amma yaron da aka kora bara ko bana ba zai iya jiran ranar da za a gama gyaran lakwal ba, shekarunsa tafiya suke yi.

Ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya sa muke ganin lise ita kaɗai ce hanya. Nasara ya kafa lakwal ne don ya samu tafintoci da akawu da malaman da za su taya shi mulki. Bayan ƴancin kai a 1960, sabuwar gwamnati tana bukatar ma'aikata a ko'ina, saboda haka duk wanda ya fito da takarda, kujera tana jiransa. Kuɗin uraniyom na shekarun 1970 ya ƙara faɗaɗa wannan ƙofa. Iyayenmu suka gani da idonsu cewa ɗan talaka yakan hau wannan tsani, shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya sauko da albashi da gidan gwamnati. Sai farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka daina ɗaukar kowane mai takarda aiki kai tsaye. Duk ma'aikacin da ya ga shekarun 1990 bai manta da watannin da aka yi ta bin bashin albashi ba, bai kuma manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Daga ƙarshen shekarun nan ma malanta kanta ta koma aikin kwantaragi ga mafi yawan masu shigarta. Ƙofar ofis ta ƙuntata tun tuni, amma zukatanmu har yanzu suna tsaye a bakinta, muna tura yara su hau tsani guda, wanda ya zame kuma mu ce ya lalace.

Na san masu karanta wannan shafi, galibinku ma'aikata ne da ƴan kasuwa, kuma kowane ɓangare yana da irin tasa hanyar ɓatar da yaron da ya kasa. Ma'aikaci kunya ce take cin sa. Ba ya iya buɗe baki a gaban abokan aiki ya ce ɗansa yana koyon walda. Saboda haka sai ya ciro yaron daga wannan kwaleji mai zaman kanta ya sa shi a waccan, yana zuba kuɗin da ba shi da su, yaro yana maimaita aji har gemu ya fara tsiro masa a tsakiyar ƙannensa. Ran da aka haƙura yana da shekara 20, babu takarda, babu sana'a, ga girman kai na wanda ya saba da wando mai guga. Ɗan kasuwa kuwa gaggawa ce take cin sa. Da ya ji an ce yaro ya faɗi sai ya ce dama boko ɓata lokaci ne, a kawo shi shago. Yaro ya iya ciniki, ya iya kiran mai saye, amma ba ya iya karanta takardar kwastan, ba ya iya rubuta bashi a littafi, ba ya iya duba abin da banki ya sa shi ya sa wa hannu. Ran da mahaifi ya kwanta dama, dukiyar da aka tara cikin shekara 40 ta narke a hannun masu alƙalami.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi waɗannan muni, ita ce a ƙyale yaro haka nan. Uba ya yi fushi ya ce ba ruwansa, uwa ta riƙa ɓoye masa tuwo. Shekara biyu ko uku da ke tsakanin barin aji da kama wani abu, a nan ne muke asarar ƴaƴanmu. Yaro ya tashi da hantsi, ya nufi fada, a dafa shayi na ɗaya, na biyu, na uku, har almuru. Fada ba laifi ba ce a kanta, muma mun zauna. Amma wanda ba shi da wurin da ake jiransa da safe, komai aka miƙo masa karɓa zai yi, har da ƙwayar tiramol. Mutanen Damagaram sun san yadda ƙungiyoyin matasa da ake kira fale suka addabi wasu unguwanni. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, na ƙirga tsofaffin ɗalibaina da dama da suka bi motocin hamada, wasu suka dawo da abin kirki, wasu suka dawo da tari, wasu har yau iyayensu suna sauraren labari. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗan shekara 15 ɗanye ne sharaf, duk inda iska ta kaɗa nan zai karkata.

Wannan al'amari ya shigo har cikin gidanmu. Ɗan ƙanwata, a Maraɗi, ya maimaita aji na biyu na kwaleji, ya sake faɗuwa, yana da shekara 15. Mahaifinsa akawu ne a wata ma'aikata, ya rantse sai yaron ya yi bak ko da za a sayar da fili. Wan mahaifin, Alhaji, mai sayar da hatsi, ya ce a ba shi yaron ya riƙa auna masa gero. Aka yi wata guda ana ja-in-ja, yaro yana tsakiya kamar ƙwallo, ba wanda ya tambaye shi. Ƙanwata ta zo ta same ni da dare, ta ce: "Yaya, kai ka san yaran mutane, ka duba mini nawa. Uban ya daina yi masa magana, shi kuma ya fara kai wa tsakar dare a waje." Na ce ta turo mini shi. Da ya zo ban tambaye shi maki ba, na san su. Na tambaye shi abin da yake yi in ba kowa a gida. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, ni dai in na ga abu ya lalace ba na iya haƙuri sai na buɗe shi." Ashe duk fitilar hannu da rediyon da suka mutu a unguwar, wurinsa ake kawowa, har keken ɗinkin uwarsa ya taɓa warwarewa ya mayar.

Na kai shi wurin wani tsohon ɗalibina mai gyaran injin ban ruwa, wanda masu lambu na Jiratawa da na bakin gulbi suke kawo wa aiki. Amma ban miƙa shi na juya baya ba. Muka zauna a zauren mai unguwa, ni da Alhaji da maigidan, aka rubuta sharuɗɗa a takarda, kowa ya sa hannu. Koyo shekara 3 ne. Ba za a aike shi cefanen gida ko wankin kayan iyali ba. Za a ba shi kuɗin abincin rana. Kwana uku a mako za a sallame shi da la'asar ya zo wurina karatu. Ran da ya gama, Alhaji zai saya masa akwatin kayan aiki. Mahaifinsa ya ƙi zuwa zaman, ya kuma yi kusan shekara ba ya bin titin da rumfar take.

Karatun yamman nan ya koya mini abin da aji bai koya mini ba. Kayan gyaran da suke amfani da su daga Jibiya da Katsina ake sayo su da naira, a sayar da sefa, kuma canji yana hawa yana sauka. Yaron da ya yi shekara biyu yana kallon lissafin kaso kamar rubutun aljanu, cikin ƴan watanni ya iya fitar da farashin kowane ƙarfe da ribarsa, domin ya ga in ya yi kuskure maigidansa ne zai yi asara, shi kuma zai sha faɗa. Muka fara rubutu da Hausa, sunan mai inji, abin da ya lalace, abin da ya biya, abin da ya rage. Daga nan da kansa ya nemi mu koma Faransanci, don yana so ya karanta ƴan littattafan da ke zuwa cikin kwalin sabon inji. Yau yana da rumfarsa da yara biyu a ƙarƙashinsa, ya kuma je ya yi wani gajeren horo a kan famfon da ke aiki da hasken rana, wanda masu lambu suka fara raja'a a kai saboda tsadar mai. Bai zama attajiri ba, amma ba ya roƙon kowa, kuma shi yake biya wa ƙanwarsa kuɗin makaranta. Mahaifinsa ya sauko, suna gaisawa suna hira. Sai dai har yau in aka tambaye shi aikin ɗansa ba ya cewa makanike, sai ya gyara murya ya ce "teknisiyan ne".

Ban kawo wannan labari don in ce duk yaron da aka kai wurin mai sana'a ya tsira ba. Ɗan maƙwabcinmu an kai shi wani gareji a shekarar da aka kai namu, aka ce wa maigidan "ga ɗanka nan", shi ke nan. Ya yi shekara 7 yana wanke ƙarafa da fetur, yana sayo shayi da sigari, yana tura motocin da suka ƙi tashi. Maigidan ba ya barinsa ya taɓa cikin inji, don kada ya iya ya tafi. Da ya gaji ya bari, ya ari babur yana kabu-kabu. Bambancin yaran nan biyu ba a ƙwaƙwalwa yake ba. Ɗaya an yi masa sharaɗi da wa'adi da karatu a gefe, akwai kuma babba mai leƙawa. Ɗaya an jefa shi ne kawai don a huta da ganinsa a gida.

To, waɗanne ƙofofi ne ke akwai? Sun fi yadda yawancin iyaye suke zato. Yaron da ya samu BEPC amma dogon karatun lise bai karɓe shi ba, akwai lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai makarantar aikin gona da raya karkara ta Kollo, akwai makarantar ma'adinai ta Agadas, akwai makarantun aikin lafiya a Yamai da Damagaram. Waɗannan da takarda ake shigarsu, sau da yawa ta hanyar gasa. Wanda bai kai ga BEPC ba, akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM, waɗanda aka yi ta buɗewa a kananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki da kafinta da walda da gyaran babur da aikin wuta. Akwai kwalejojin fasaha, CET, masu kai yaro ga takardar CAP. A Yamai akwai cibiyar Kalmaharo, akwai cibiyar sana'ar fata, har gidan tarihi na Bubu Hama ya daɗe da ware wani sashe na koya wa yaran da suka bar lakwal sana'a. A N'Dunga akwai sansanin horar da matasa da aka kafa tun 1989. A jihohin Doso da Maraɗi an buɗe gonakin koyo da taimakon ƙasar Suwis, inda saurayi ko budurwa ke koyon lambu da kiwo a aikace. Yaron da aka ga ƙwaƙwalwarsa ta fi buɗewa a makarantar allo kuwa, akwai makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda ta farkonsu aka buɗe a Sayi a 1957, suna kuma kai wa har jami'a.

Ba zan ɓoye muku ba, ba duka waɗannan wurare ne suke da kayan aiki yadda ya kamata ba. Na taɓa shiga wata cibiya na tarar da yara 30 a kan keken ɗinki 4, ajin walda kuma ba wuta. Saboda haka uba ya taka da ƙafarsa ya je ya gani kafin ya sa ɗansa. Ya tambayi awa nawa yaro yake riƙe kayan aiki a mako, ya tambayi inda waɗanda suka fita bara suke yanzu. Wanda zai sayi rago yakan taɓa bayansa, balle wanda zai ba da shekara uku na rayuwar ɗansa.

Mu da muke ganin aikin hannu ƙasƙanci ne, ya kamata mu san yadda abin yake a ƙasashen da muka kwaikwayo lakwal daga gare su. A Faransa, a 1935, a wani ƙauye na kudu maso yamma, ɗan wani manomi ya ce shi ya gaji da makaranta, gona yake so. Uban bai so ya zauna da jahilci ba, sai ya je ya yi shawara da limamin cocin ƙauyen. Suka shirya cewa yaro zai yi mako ɗaya yana karatu wurin limamin, ya yi mako uku a gonar ubansa. Da yara 4 aka fara. Daga wannan shawara ta mutum biyu aka samu makarantun iyali na karkara, waɗanda yau suka bazu a Faransa da ƙasashe da yawa, har da na Afirka. A Suwis, wajen kashi biyu cikin uku na matasa, in sun gama karatun dole, koyon sana'a suke shiga. A Jamus ɗan koyo yakan yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a aji, ana biyansa, a ƙarshe ya fito da takardar da kowa yake girmamawa. Sirrin duka ɗaya ne, ba a raba hannu da alƙalami. Mu kuma a nan, mai gina gida a Yamai in yana son a shimfiɗa masa tayil ko a ja masa famfo da kyau, sau da yawa ɗan Togo ko ɗan Benin yake nema. An buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011, an ja bututun mai na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, duk aikin masu walda da masu wuta ne, alhali ƴaƴanmu suna fada suna jiran sakamakon gasar shiga aikin gwamnati.

Abin mamaki shi ne, rabin wannan tsari namu ne tun kaka da kakanni. Yawancin alhazan Maraɗi da ake ji da su ba daga lise suka fito ba. Bara ne yake bin ubangidansa shekara da shekaru, yana koyon hanya da mutane da amana, ran da ya isa a ba shi jari a sallame shi. Haka maƙera suke, haka dukawan Damagaram, haka masu narka goran ruwa suna zuba tukwane a kasuwar Katako. Addininmu ma bai raina aikin hannu ba: Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda ya ƙera sulke, Annabi Zakariyya kafinta ne. Abin da tsarin namu ya rasa shi ne rubutu da wa'adi da shaida. A nan ne nake ganin ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa yana riƙe da rabin magani. Kai Alhaji, kana da shago da gareji da sanayya da masu sana'a. Ka karɓi yaro, amma ka sake shi ya je karatun yamma, kada ka ga awa biyun nan asara ce. Kai ma'aikaci, kana da alƙalami. Ka tara yaran unguwa biyar ko shida da ke koyon sana'a, ka ba su karatu da lissafi kwana biyu a mako a zaurenka. Kamfanonin da ke da rajista suna biyan harajin koyon sana'a, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa irin wannan horo. Haƙƙin masu biya ne su tambayi yadda yaran garinsu za su amfana.

Ban manta da ƴan mata ba, domin nasu ya fi tsanani. Namiji in an kore shi yana da sauran lokaci ko yaya. Yarinya in ta faɗi, kafin damina ta fita an fara maganar kayan ɗaki. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna cewa wajen uku cikin huɗu na matan ƙasar nan an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Na ga ɗalibaina mata da yawa da suka dawo gidan iyaye da goyo suna da shekara 19, aure ya mutu ko miji ya tafi ci-rani ya yi shiru, ba su da abin da za su riƙe kansu da shi. Shekara biyu na koyo kafin aure ba ya hana aure, yana dai hana wulaƙanci. Kuma kada a tsaya ga ɗinki da saƙa kaɗai, har kasuwarsu ta cika ta batse. Akwai sarrafa gyaɗa da riɗi, akwai kiwon jar akuyar Maraɗi da kaji, akwai gyaran salula, akwai aikin kwamfuta da riƙe littafin shago.

Wani abokina, tsohon ɗan ƙungiyar malamai, ya ce mini wannan magana tawa tana da haɗari: za a mayar da ita hujjar tura ɗan talaka gareji, ɗan mai hali kuma ya tafi jami'a. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake cewa a duba yaro, kada a duba aljihun ubansa. Ɗan talakan da ke da kan karatu, wajibi ne dangi su haɗa hannu su riƙe shi har inda ƙarfinsa ya kai, ƙasa tana bukatar likitoci da alƙalai da malamai. Ɗan babban ma'aikacin da hannunsa ya fi bakinsa fasaha kuma, zalunci ne a daure shi a benci don kare sunan gida. Sannan ƙofar komawa ba ta rufe ba: ana yin karatun dare, ana shiga BEPC da bak a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Na san wani tela da ya samu BEPC yana da shekara 24, ya ce sai da ya fara biyan kuɗin karatun da guminsa sannan ya san daɗinsa.

Saboda haka, iyaye, in sakamako ya fito ba a kira sunan ɗanku ba, ko aka miƙo muku takardar kora, ku bar fushi ya huce kwana biyu, sannan ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da hannunsa yake so. Ku tambayi uwarsa, ta fi kowa sanin abin da yake yi in ba a kallonsa. Kada ku bari watan Oktoba ya kama, sa'o'insa su koma aji, shi ba shi da inda za shi da safe. In cibiya ce, ku je ku gani. In mai sana'a ne, ku zaɓi mai tsoron Allah, a yi sharaɗi a gaban shaidu, a sa wa'adi, a bar masa lokacin karatu, ku kuma riƙa leƙawa ko da sau ɗaya a wata. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwansu da ƙwaƙwalensu baki ɗaya. Sai wani mako, in mai duka ya kai mu.